Hutun Ma'aurata a Zanzibar: Ƙaramin Masauki a Ƙauyen Gabas ko Babban Otal a Bakin Tekun Arewa?

Duk wanda ya zauna da matarsa suna duba hotunan masaukan Zanzibar a waya zai lura cewa kusan kamarsu ɗaya: farin rairayi, ruwa shuɗi garau, itatuwan kwakwa, da gado mai gidan sauro da aka watsa wa furanni. Wannan kamannin shi ne yake sa ma'aurata da yawa su zaɓi wurin kwana bisa farashi kawai, ko bisa abin da wani abokinsu ya yaba, sai sun isa su tarar da cewa irin hutun da suka biya kuɗinsa daban yake da wanda suka ƙudura a zuciya. A tsibirin akwai zama iri biyu da suka yi nisa da juna. Na farko shi ne babban otal mai ɗaruruwan ɗakuna a ƙuryar arewa, wato Nungwi da Kendwa. Na biyu kuma shi ne ƙaramin masauki na alfarma, mai ɗakuna ƙalilan a warwatse cikin lambu, a gefen wani ƙauyen masunta na gabas ko na kudu. Na kwana a kowanne tare da maiɗakina, kuma ra'ayina ya karkata ga na biyun, amma karkata ce mai sharuɗɗa, domin akwai ma'auratan da zan hana su zuwa can in sun nemi shawarata.

Abin da ake kira Zanzibar a harkar yawon buɗe ido galibi tsibirin Unguja ake nufi, wanda shi da Pemba suke da gwamnatinsu ta cikin gida a ƙarƙashin tarayyar Tanzaniya tun haɗewar da aka yi a 1964. Tsawon Unguja kimanin kilomita 85 ne, kuma filin jirgin sama na Abeid Amani Karume yana yamma, dab da birni. Daga nan zuwa Nungwi tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce a mota, zuwa Paje a kudu maso gabas kuwa awa ɗaya da 'yan mintuna. Saboda haka nisa daga filin jirgi ba zai raba gardama ba. Abin da yake raba ta shi ne halin tekun kansa.

Mu da muka taso nesa da teku mun saba da kogi da tafki, waɗanda suke cika da damina su ragu da rani. Teku kuwa yana cika ya janye sau biyu a kowane yini da dare, tazarar kusan awa shida tsakanin cikowa da janyewa, kuma lokacin yana jinkirta da kimanin minti 50 kowace rana. A gabashin Unguja akwai doguwar katangar duwatsun murjani can cikin ruwa, tsakaninta da gaɓa kuma fili ne shimfiɗaɗɗe mara zurfi. Idan ruwa ya janye, a wasu wuraren yakan yi nisan da ya haura kilomita guda. Safiyarmu ta farko a wani masauki na gabas, bayan mun karya kumallo muka sauko da niyyar shiga ruwa, sai muka tarar babu ruwan. Kwale-kwalen masunta, irin waɗanda suke kira ngalawa, suna kwance a kan rairayi a karkace, igiyoyinsu a sake, teku kuma ya koma wani siririn farin layi a can nesa inda igiyar ruwa take dukan murjani. Maiɗakina ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta tambaye ni ko nan ne wurin da muka gani a hoto. Nan ne ɗin, sai dai an ɗauki hoton a lokacin da ruwa ya cika.

Wannan shi ne babban abin da Nungwi da Kendwa suka fi gabas da shi, kuma bai kamata a raina shi ba. A can gaɓar tana gangarawa cikin zurfi da sauri, don haka ko ruwa ya janye ana iya shiga a yi iyo, musamman a Kendwa inda bambancin ba ya damun kowa. Ma'auratan da babban burinsu shi ne su shiga teku duk sa'ar da suka ga dama, da safe ko da rana ko da yamma, su nufi arewa kai tsaye. Haka kuma Kendwa da yammacin Nungwi suna fuskantar faɗuwar rana, inda ake ganinta tana nutsewa ta wajen tsibirin Tumbatu, jiragen ruwa na katako masu tafiya da iska suna giftawa. A gabas fitowar rana ake samu, wadda ta dace da mai tashi sallar asuba, amma wanda ya saba barcin safe zai yi mako guda bai gan ta ba.

Sai dai janyewar ruwan gabas abu ne da ake iya lissafinsa tun daga gida, kuma mai amfani da kalandar Hijira ya riga ya sami rabin lissafin. Cikowa da janyewa sun fi tsanani a farkon wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, lokacin da Waswahili suke kira bamvua, inda bambancin tsayin ruwa yakan haura mita 3. A irin waɗannan kwanaki ruwan yakan kai ƙarshen janyewarsa da hantsi, ya dawo ya cika maƙil bayan la'asar, har ya taɓa gindin matakalar masauki. A wajen bakwai ga wata da kuma ashirin da biyu bambancin yana raguwa sosai. Kowane masauki na kirki yana da jadawalin ruwa a rubuce, wasu ma a allo suke rubuta shi kowace safiya. Da muka gane haka sai yininmu ya tsaru da kansa: da hantsi mu sa takalman roba mu bi filin da ruwa ya bari, da rana mu koma inuwa, da yamma mu shiga teku. Takalmin kuwa wajibi ne, domin a cikin ƙananan ramukan da ruwa ya rage akwai wata baƙar halitta mai ƙaya kamar bushiya, wadda in aka taka ta ƙayar takan karye a cikin tafin ƙafa.

Yanzu ga dalilin da ya sa na fifita ƙaramin masauki, wato keɓewa. Ma'aurata, musamman ango da amarya da suka fito daga hidimar biki da cincirindon dangi, abin da suka fi buƙata shi ne wurin da za su zauna su biyu ba idon kowa a kansu. Babban otal na arewa yana da duk abin more rayuwa, amma komai nasa na tarayya ne. Wurin ninkaya ɗaya ne ko biyu ga ɗaruruwan baƙi, gadajen shan iska a jere suke kafaɗa da kafaɗa, ɗakin cin abinci kuma da dare yakan cika kamar wurin walima. Ga macen da take suturta jikinta wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Babu wanda zai hana ta shiga ruwa da doguwar rigar iyo da ɗankwali, amma kunya kan hana ta sakewa a tsakiyar baƙin da shigarsu ta saɓa wa tata, shi ma mijin ba zai sami natsuwa ba. Na ga matan da suka yi kwana biyar a irin wannan otal ba su taɓa jiƙa ko ƙafarsu a wurin ninkaya ba, alhali an biya kuɗinsa.

A ƙananan masaukai na alfarma kuwa ana samun ɗaki mai zaman kansa, da rufin ganyen kwakwa da suke kira makuti, da shinge ko katanga a kewaye, a cikin tsakar gidan kuma da ɗan ƙaramin wurin ninkaya na ma'auratan su kaɗai. Wannan ɗan wurin, ko da bai fi faɗin tabarma huɗu ba, ya fi katafaren na otal amfani ga irin iyalinmu, kuma shi ne yake cike giɓin sa'o'in da teku ya janye. A nan ne ya kamata a yi tambaya dalla-dalla kafin a biya, domin kalmar keɓantacce tana da fassara iri-iri a bakin masu talla. A wani masauki da muka kwana, wurin ninkayar namu ne mu kaɗai kamar yadda aka faɗa, amma hanyar da ma'aikata suke bi zuwa ɗakunan gaba ta ratsa ta gefensa, shingen kuma bai kai ƙirji ba. Sai da muka nemi a canja mana ɗaki. Tun daga lokacin nake roƙon a turo mini hoton da aka ɗauka daga waje ana kallon ciki, maimakon wanda aka ɗauka daga ciki ana kallon teku.

Bakin tekun ma ya bambanta ta wannan fuska. A Zanzibar rairayin bakin teku hanya ce ta kowa, otal ba ya iya katange shi, don haka a wuraren da baƙi suka yi yawa masu talla ma sukan yi yawa. A Nungwi da wuya ma'aurata su yi tafiyar minti goma ba a tare su da tayin yawon jirgin ruwa ko tausa ko zane ko sarƙa ba. Mutanen gari suna kiran masu naci daga cikinsu papasi, wato kaska. Yawancinsu neman halaliyarsu suke yi, kuma sallama da a'a cikin ladabi ta wadatar, amma maimaita ta sau ashirin a yini yana rage daɗin hira. A Pongwe ko Bwejuu ko kudancin Jambiani kuwa ana iya doguwar tafiya ba a haɗu da kowa ba sai masunta da yara. Sannan akwai batun dare. Kendwa ta yi suna da casun da ake yi a lokacin cikar wata, Nungwi kuma tana da mashaya da kiɗa har tsakar dare. Wanda yake son wannan zai same shi a can, wanda kuma ba ya so ya sani cewa sauti yana tafiya nesa a bakin ruwa, kuma bangon ɗaki ba kullum yake tare shi ba.

Zaman gefen ƙauye yana da wani daɗi da ban yi tsammaninsa ba kafin na je. Mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne, galibinsu mabiya mazhabar Shafi'iyya, kuma daga ƙaramin masauki ana jin kiran salla daga masallacin ƙauye, a kuma iya takawa da ƙafa a bi jam'i. Abin da ya kamata Bahaushe ya kiyaye shi ne alƙibla, domin a can arewa take kusan sak, saɓanin gabas da muka saba fuskanta a gida, har sai da na ga sahun masallaci sannan zuciyata ta natsu da abin da waya ta nuna mini. Idan ruwa ya janye, matan Paje da Jambiani sukan fito cikin zannuwansu na kanga su shiga gonakinsu na ciyawar teku, sana'ar da ta kafu a wannan yanki tun wajen 1989. Gonar turaku ce da aka kakkafa a rairayi, aka ɗaura igiyoyi a tsakaninsu, mace ta zauna a cikin ruwa iya ƙugu tana ɗaɗɗaura 'yan rassa a jikin igiya, bayan 'yan makonni ta girbe ta shanya a bakin hanya. Maiɗakina ta shafe kusan awa guda a tsugune gefen wata dattijuwa suna fahimtar juna da hannu da 'yan kalmomin da Larabci ya haɗa mu, irin su asubuhi da sukari da alhamisi. A babban otal irin wannan haɗuwa sai dai a shirya maka ita a matsayin yawon da ake biya.

Wannan kusanci yana da haƙƙinsa. Shigar bakin ruwa ta bakin ruwa ce, idan za a shiga ƙauye ko kasuwa sai a rufe kafaɗa da gwiwa, abin da hukumomin tsibirin suka sha jan kunnen baƙi a kansa, kuma ba a ɗaukar hoton mata a gonarsu sai da izininsu. Ga mafi yawan masu karanta wannan rubutu waɗannan ba sababbin abubuwa ba ne, tarbiyyar gida ce.

A fannin abinci kowanne yana da inda ya fi. Babban otal yakan bi tsarin biya a dunƙule, ci da sha duka a ciki, a shimfiɗa abinci kala-kala kowa ya ɗiba da kansa. Mai tsantseni wajen ci, wanda ba ya son kifi ko bai saba da miyar kwakwa ba, zai fi samun sauƙi a nan, domin ba za a rasa shinkafa da kaza da soyayyen dankali ba. Amma a irin wannan tsari an riga an lissafa kuɗin giya a cikin farashi, don haka ma'auratan da ba sa sha suna biyan abin da ba za su taɓa ba. Har ila yau manyan otal-otal da suke karɓar baƙin Turai sukan ajiye naman alade a wani sashe na teburin karin kumallo, sai an lura da rubutun da yake gaban kowane kwano. A ƙaramin masauki mai dafa abinci yakan fito da kansa ya tambayi abin da ake so, a gaya masa tun ranar farko cewa kada a sa giya a miya ko a kayan zaƙi, a kuma nemi a kwashe kwalaben da suke cikin firjin ɗaki. Kifin da za a ci da dare sau da yawa da safiyar ranar aka saye shi daga masuntan ƙauyen. A nan na fara cin pweza, wata halittar ruwa mai hannuwa takwas, an dafa ta da madarar kwakwa da kurkum, da kuma shinkafar pilau mai ƙamshin kanumfari da kirfa. Illar ita ce zaɓin kaɗan ne, kuma idan girkin wurin bai yi muku ba, babu wani gidan abinci a kusa da za ku koma sai kun ɗauki mota.

Nan ne aibin ƙaramin masauki yake fara bayyana, kuma zan faɗe shi yadda yake. Keɓewar da take da daɗi da rana tana iya zama kaɗaici da dare. Bayan sallar isha'i ƙauye yakan yi tsit, babu inda za a je, kuma ma'auratan da suka saba da hayaniyar Kano ko Abuja suna iya ƙosawa a dare na uku. Wasu masaukan sai an bar kwalta an bi hanyar burji mai duwatsu kafin a kai gare su. Wutar tsibirin daga babban yankin Tanzaniya ake jawo ta ta ƙarƙashin teku, kuma takan ɗauke, saboda haka a tambaya ko janareton masaukin yana ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki ko fitilu da fanka kawai yake riƙewa. Wasu wuraren da suke tutiya da kare muhalli ba su da na'urar sanyaya ɗakin ma sam, iskar teku suke dogaro da ita, abin da yake wadatarwa a watan Yuli amma ya gaza a watan Fabrairu. Lambu mai duhuwa yana tara sauro fiye da bene na huɗu a babban otal, don haka gidan sauro da maganin shafawa ba ado ba ne. Mafi muhimmanci kuma shi ne lafiya. Babban asibitin tsibirin, Mnazi Mmoja, yana cikin birni, manyan otal-otal kuma sukan kasance da ma'aikacin jinya ko likitan da ake kira. Idan uwargida tana da juna biyu, ko ɗayanku yana da ciwon da yake iya tashi cikin dare, shawarata ita ce a zaɓi wurin da yake bakin kwalta kuma yake da mota a tsaye kowane lokaci.

Batun kuɗi yana buƙatar natsuwa, domin farashin da ake gani a shafin farko ba shi ne abin da za a kashe ba. Masaukai na alfarma da yawa suna rubuta kuɗin mutum ɗaya ne a kowane dare, ba na ɗaki ba, saboda haka sai an ninka shi biyu. A duba ko abinci sau uku ne a ciki, ko karin kumallo da abincin dare kawai. A tambayi kuɗin motar da za ta ɗauko ku daga filin jirgi ta kuma mayar da ku, da harajin da gwamnati take karɓa a kan kowane baƙo a kowane dare, wanda wasu wuraren sai ranar tafiya suke kawo takardarsa. A ƙaramin masauki duk wata fita tana nufin ɗaukar shatar mota, tun da motocin haya na dala-dala, duk da arharsu, ba su dace da wanda ya zo hutun amarci da jakunkuna ba. Idan aka tara waɗannan, ɗaki mai wurin ninkaya na kansa kusan kullum ya fi ɗakin babban otal tsada. Abin da nake gani shi ne gara dare huɗu a wurin da uwargida za ta sake da dare bakwai a inda za ta yini a takure, kuma wanda aljihunsa bai kai ba yana iya raba kwanakin, ya ajiye masu tsadar a ƙarshe.

Lokacin tafiya ma yana taɓa ɓangarorin biyu ta hanya daban-daban. Babbar damina, wadda suke kira masika, tana sauka daga wajen ƙarshen Maris zuwa Mayu, kuma a lokacin farashi yakan faɗi, wasu ƙananan masaukan ma sukan rufe don gyare-gyare. Babban otal ya fi jure wannan lokaci, tun da yana da wuraren zama a rufe da abubuwan yi a cikin gini, alhali a ɗakin makuti idan aka wuni ana ruwa babu abin yi sai kallonsa. Daga Yuni zuwa Oktoba iskar kudu mai suna kusi take kaɗawa, gari ya yi sanyi-sanyi ya bushe, kuma wannan ne lokacin da na fi so ga zaman gabas, ko da yake iskar takan yi ƙarfi a wasu ranaku, teku kuma ya riƙa koro ciyawa bakin gaɓa. Akwai ɗan gajeren ruwa a wajen Nuwamba, sannan daga Disamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas, kaskazi, ta karɓa, zafi ya ƙaru. Ƙarshen Disamba zuwa farkon Janairu shi ne lokacin da ya fi kowanne tsada da cunkoso, kuma ya yi daidai da lokacin da ake yawan bukukuwan aure a wajenmu, don haka angon Disamba ya kama ɗaki tun watanni kafin biki.

Gabas ɗin kanta ba abu ɗaya ba ce. Matemwe a arewa maso gabas tana fuskantar ɗan tsibirin Mnemba, wanda baƙin masaukin da yake kansa ne kaɗai suke sauka a cikinsa, amma kowa yana iya ɗaukar jirgi ya je kallon kifaye a murjanin da yake kewaye da shi. Pongwe ɗan lungu ne shiru wanda ya dace da masu son zama wuri ɗaya. Zirin Michamvi yana da wata fa'ida da ba kowa ya sani ba: ɓangarensa na Kae yana fuskantar yamma ta kan mashigin Chwaka, don haka ana ganin faɗuwar rana daga can duk da cewa a gabas ake, a ɗaya gefen kuma, a Pingwe, akwai gidan abincin nan na The Rock da aka gina a kan dutse, wanda ake takawa zuwa gare shi idan ruwa ya janye, a shiga kwale-kwale idan ya cika. Paje kuwa, ko da yake a gabas take, ta zama matattarar matasa masu wasan sulu a kan ruwa da lemar da iska take ja, kuma hayaniyarta ta kusa ta Nungwi, saboda haka mai neman shiru ya matsa Bwejuu ko Jambiani. A can kudu akwai Kizimkazi, inda tsohon masallacin Dimbani yake ɗauke da rubutun Kufi mai tarihin shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107, kuma daga wannan yanki dajin Jozani mai jajayen birai ba shi da nisa. Masu son keɓewar da ta wuce duk wannan sai su duba Pemba, tsibirin tuddai da gonakin kanumfari, amma zuwa can yana buƙatar ƙarin ƙaramin jirgin sama ko doguwar tafiyar ruwa, kuma ban ba wa masu zuwa karon farko shawararsa ba.

Ko wanne aka zaɓa, ina ganin kuskure ne a wuce tsohon birni, Stone Town, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Tafiya daga Kano ko Abuja ko Yamai takan bi ta wani gari, kamar Addis Ababa, kuma agogon can yana gaban namu da awa biyu, don haka akan isa a gajiye. Dare ɗaya ko biyu a birni ya isa a huta, a bi lungunan da suke da ƙofofin katako masu sassaƙa, a shiga kasuwar Darajani, a ci abincin dare a lambun Forodhani, sannan a kan hanyar fita a tsaya a gonakin kayan ƙamshi na Kizimbani da Kidichi, inda har yau ɗakunan wankan da Sarki Sayyid Sa'id ya gina wa matarsa 'yar gidan sarautar Farisa a 1850 suke tsaye. Daga nan ma'auratan da suka kasa tsayar da shawara suna iya yin dare biyu a Kendwa su more iyo da faɗuwar rana, su ƙarasa sauran kwanakin a ƙaramin masaukin gabas. Wannan jerin ya fi akasinsa, domin wanda ya ɗanɗani shirun gabas da wuya ya ji daɗin komawa cikin cunkoso.

Kafin a tura ko sisi ga kowane masauki, a fara da takardu. A nemi biza ta intanet tun da sauran lokaci, kuma kada a biya kuɗin ɗakin da ba a mayarwa sai ta fito. A tanadi katin rigakafin cutar shawara, domin ana tambayarsa ga masu zuwa daga ƙasashenmu. Tun 1 ga Oktoba 2024 kuma gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya daga kamfanin inshorarta, a kan dala 44 ga kowane babba, ko da mutum yana da wata inshorar. Idan aka zo yin alƙawari da direba ko mai jirgin ruwa, a tabbatar da wane agogo yake nufi, domin a lissafin Waswahili ƙarfe ɗaya na safe shi ne bakwai a irin lissafin agogon da muka saba, tazarar awa shida ke nan, kuma mai jirgin da ya ce ku fito saa nne, wato ƙarfe huɗu a lissafinsu, yana jiranku ne da ƙarfe goma na hantsi.